Jan Gwangwani a Motar Alhaji Sambo

Illela,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a Tawa ne ko ka riga ka isa Agadas. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sassauta maka hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Na ba innarka takardar ta sa maka a jaka saboda na san halina. In muna tsaye ni da kai a gareji, bakina ba ya iya komai sai "miƙo sifana" da "riƙe nan da kyau." Ga shi kuwa za ka ɗauki motar baffanka Alhaji Sambo ka riƙa yi masa jigilar kaya a hanyar da in mota ta tsaya maka, kai ne direba, kai ne makaniki, kai ne mai shawara. Ba na shakkar hannunka. Ka yi karatun kanikanci a Sakkwato, kuma na ga aikinka tun da ka dawo. Amma abubuwan da zan faɗa maka sun faru ne kana makaranta, abin da ya iso kunnenka gutsattsari ne daga bakin mutanen tasha. Gara ka ji su a jere daga wanda ya yi aikin da hannunsa.

Maganar duka a kan jan gwangwanin nan ce da ke ɗaure a gefen inji, mai tiyo biyu a ka da ɗan famfo a gindi. Ranar da ka fara buɗe bonet na ga ka kalle shi ka yi murmushi, ka ɗauka irin ƙulle-ƙullen tsofaffin makanikai ne. Ban ce maka komai ba a ranar. Yanzu zan ce.

Injin da ke cikin motar nan ba nata ba ne. Asalinta akori-kura ce mai shan fetur. Sambo ya yi shekaru yana kwaso raguna da ita daga rugagen Araba da Garu zuwa kasuwa, har injinta ya gaji ya ƙi gyaruwa. A lokacin Turawan nan masu ratso hamada da tsofaffin motoci su sayar a Konni suna yawan zuwa. Ɗayansu ya kifar da tasa gab da shiga gari. Shi ya fita lafiya, jikin motar ya murƙushe, inji kuwa bai ji komai ba sai 'yan tarkacen da ke kansa da suka farfashe. Injin gas ne mai tobo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska. Sambo ya saye shi, aka ɗoro shi a amalanke aka tsallako da shi har ƙofar garejina.

Ni da Sambo tun muna samari muke tare, shi yana bin shanun mahaifinsa, ni ina wanke ƙarafa a wurin maigidana. Da ya ce ni zan ɗora injin, ban iya gaya masa cewa ban taɓa sa hannu a tobo ba. Na yi ta fama, na sake ƙafafun da injin zai zauna, na haɗa shi da giya da ƙyar. Ranar da ya tashi muka ji siririn fiton nan da tobo ke yi, Sambo ya zagaya gari da ita ya dawo bakinsa a buɗe.

"Ummaru," ya ce, "wagga mota da sauran ƙarhi a cikinta, ina jin shi. Hiddo min shi."

Na fito masa da shi. Na murɗa kusar famfon gas na ƙara mata abinci, na ɗaure sandar tobo don ya ƙara tura iska. Mota ta zama wata aba dabam. Yashin da wasu ke kafewa a ciki, ita sai ta ratsa shi da lodi kamar a kan kwalta.

Ka san abin da ke faruwa a cikin inji, amma bari in faɗa yadda ni na fahimce shi daga baya. Duk inji, komai sabuntarsa, in wuta ta tashi a kan fistin, wani ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen zobba ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Dole hayaƙin nan ya sami mafita, shi ya sa ake barin ƙofa a murfin kan inji. Tobo kuwa cusa iska yake yi da ƙarfi, ni kuma na ƙara masa gas a kai, sai abin da ke sulalewa ya yawaita, yana fitowa ɗauke da tururin mai. Tun da tiyon asali ya fashe a haɗarin, sai na sa wani na sake shi yana lilo a ƙasa. Duk inda motar ta tsaya sai ta bar baƙin tabo. Wari yana shiga ciki, farar rigar Sambo ta fara canza launi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo min ransa a ɓace.

"Kowa ya gan ni sai ya ce an sayar min da mataccen inji. Toshe min wanga abu, na gaji da shi."

A cikina na ji abin bai kwanta min ba. Amma ga mutane a tsaye, ga shi abokina ne, kuma har a lokacin ina jin daɗin yabon da ake yi min a kan motar. Na ɗauko ƙatuwar kusa na cusa a bakin tiyon, na ɗaure da waya. Mota ta yi tsaf, ba ɗigo ba wari.

Ana gab da Sallar Layya ya tafi Garu ya lodo raguna. Yawancinsu ba nasa ba ne, na makiyaya ne da suka ba shi amana ya kai musu kasuwa. Yana cikin yashi yana ba ta wuta, sai hayaƙin da na hana fita ya nemi hanya da kansa. Gejin mai, sandar nan ta auna shi, ya yi tsalle ya fita daga raminsa, sil ɗin baya, robar da ke tare mai, ya fashe, mai ya wanke kuloci. Mota ta tsaya a fili, rana tana tsaka, ba inuwa sai wata aduwa guda. Kafin saƙo ya iso ni in hau babur in je, wasu daga cikin ragunan sun riga sun kwanta, ba su sake tashi ba. Na iske Sambo yana sauke sauran da kansa yana jan su zuwa gindin aduwar. Na kama masa muka ƙarasa sauke su. Daga baya shi ya bi masu dabbobin ruga ruga yana ba su haƙuri, bai taɓa ambatar sunana a wurinsu ba.

Abin da nake so ka riƙe a nan, Nasiru, shi ne mai mota yana da haƙƙin gaya maka abin da ke damunsa, amma maganin kai ne za ka san shi. Sambo bai yi laifi ba da ya ƙi wari. Ni ne na san ƙofar nan ba a banza aka bar ta ba. A can za ka haɗu da waɗanda suka haife ka a shekaru, masu dukiya, masu kaifin baki, za su ce yi kaza. In ka san ɓarna ce, ka rusuna ka ce, "Baba, wannan ba zai yiwu ba, amma a ba ni lokaci in nemo wata hanya." Fushinsa na yini ɗaya ne. Kuma duk abin da ya faru, kada ka taɓa toshe wa inji numfashi, ko da na tafiyar da ba ta wuce nan da kasuwa ba.

Na sauke giya na sake sil, na sake kuloci. Sai na zauna ina tunani, na tuna a motar Baturen tiyon nan ba ƙasa yake kallo ba, komawa yake yi cikin bututun da ke kai iska ga tobo, injin ya sake shaƙe hayaƙin ya ƙone shi. Na ce to, ashe ga dabarar. Na huda bututun tsakanin matatar iska da tobo, na haɗa tiyon kai tsaye. Ba ɗigo, ba wari, sil bai sake tsiyaya ba. Har makanikai nake kira su zo su gani.

Akwai abin da na manta. Ranar da aka kawo injin, cikin tarkacen da suka farfashe a kansa akwai wani ɗan baƙin akwati na roba. Na juya shi a hannu ban gane amfaninsa ba, na jefar. Shi ne ke raba mai da hayaƙi kafin hayaƙin ya koma. Ga shi kuma ƙarfin da na ƙara wa motar ya fara gajiyar da zobba. Sannan tun abin da ya faru a hanyar Garu, Sambo ya zama mai tsoron ƙarancin mai, kullum safiya sai ya ɗan ƙara, har yana wuce alama. Na sani, na gani, na ce a raina yawan mai ai ba ya kashe inji. Duk wannan man yana bin tiyon da na haɗa, yana taruwa a cikin bututu kaɗan kaɗan, wata da watanni.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, wajen azahar. Sambo ya kawo motar ya ce tana shuɗin hayaƙi. Ka san yadda ƙofar garejinmu take a ranar kasuwa, ga masu kora shanu zuwa kara, ga mata masu nono a gindin dalbejiya. Na buɗe bonet, na cire matatar iska don in leƙa bakin tobo, na ce masa ya taka totur.

Ya taka. Injin ya ɗaga murya, bai sauko ba.

Na ce, "Ɗaga ƙafarka!"

Ya ce, "Na ɗaga!"

Ya murɗa makulli ya kashe, ya zare shi ya miƙo ta taga yana nuna min. Makulli na hannunsa, inji kuwa sai ƙara hawa yake yi. Ya daina shan gas, man jikinsa yake sha, wanda ya taru a bututu, kuma ba makullin da ke da iko da wannan. Ban taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan kuka ba. Farin hayaƙi ya rufe hanya, shanu suka tsinke, mata suka watse suka bar ƙorensu. Na san in fistin ya ɓalle zai fasa jikin injin ya fito, ga mutane ta kowane gefe.

Na juya ina neman katako, ina ihu, "A toshe iska! A toshe mata iska!"

Sambo ya ji ni. Ya diro daga mota, ya warware rawaninsa, ya dunƙule shi ya danna a bakin tobo. Tobo ya zuƙe rawanin, ya ja hannun tare da shi. Injin ya shaƙe, ya yi tari, ya mutu. Sai wurin ya yi tsit, ban da kukan shanu daga nesa. Sambo ya zaro hannunsa ya dube shi, ya dube ni, ya zauna a ƙasa a hankali yana salati. A motar wani muka kai shi asibiti Sakkwato. Yatsu biyu na hannun damansa ba su dawo tare da mu ba.

Ka san hannun, ka sha gaisawa da shi. Yanzu ka san yadda aka yi.

Saurara da kyau, don wannan ne ya fi hana ni sukuni. In inji ya taɓa yi maka haka, makulli ba shi da amfani, kada ka ɓata lokaci a kansa. In kana kan kujera, ka danne birki da duk ƙarfinka, ka sa babbar giya, ka saki kuloci gaba ɗaya. Ko kuloci ya ƙone, ba komai. In kana waje, akwai faffaɗan katako da na sa a bayan kujera, ba na zama ba ne, kada ka bari a hura wuta da shi. Shi za ka kifa a bakin bututun iska. Ban da tsumma, ban da riga, ban da tafin hannu. Kuma duk wanda zai yi tafiya da kai, ka nuna masa katakon tun kuna cikin natsuwa. Ni na ce a toshe, ban ce da me ba, kuma mutumin da ya yarda da ni ya yi abin da na ce da abin da ke jikinsa. Ba a cikin hayaƙi da ihu ake koyar da mutum ba.

Bayan an sallamo Sambo ya koma gidansa a Araba, ni kuma na kasa zuwa. A asibiti ina iya tsayawa, don akwai abin yi, a sayo wannan a kira wancan. Amma in je gidansa in zauna a gaban matansa da 'ya'yansa, ƙafata ta ƙi. Kullum sai in ce gobe. Motar tana nan a ƙofar gareji na rufe ta da tamfol, ko kallonta ba na son yi.

Innarka ce ta gaji da ni. Wata safiya ta aje min koko ta tsaya a kaina.

"Malam, mi kake jira? Hannun ya tsiro?"

Na ce ban san abin da zan ce masa ba.

Ta ce, "Wa ya ce sai ka ce wani abu? Tahi ka zamna. Shi da ya rasa yatsu bai ɓoye ba, kai da naka goma kake ɓoyo."

Ta ɗaure min ƙullin goro da dabino, ta fito min da babur da kanta har zaure.

Na iske shi a inuwar bukka yana koyon shan fura da hannun hagu, ludayin yana karkacewa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ummaru, ka daɗe. Har na zaci kai ne ka ji ciwon."

Na zauna. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga naɗaɗɗen hannun ya tsayar da ni. Ya ce abin da Allah Ya rubuta ya riga ya faru, shi ne ya ce a ƙara ƙarfi, shi ne ya riƙa ɗura mai, ni ne na haɗa tiyo, kowa ya ɗauki nasa. Abin da ya yi masa zafi, in ji shi, shi ne kwanakin da ya yi yana sauraren ƙarar babur a hanya. Sannan ya ce, "Mota tana wurinka. Ko ka gyara ta yadda ba ta ƙara cin kowa, ko ka haƙa rami ka binne ta. Amma wani makaniki ba ya taɓa min ita."

Ɗana, aikinka zai taɓa cutar da wani, komai kulawarka, don ƙarfe muke taɓawa kuma mutane ke hawa. In hakan ta faru, ka je da wuri. Kada ka jira sai ka shirya magana. Jinkirin da na yi ya fi yi wa Sambo ciwo a kan abin da tobo ya yi masa, da bakinsa ya faɗa.

Na dawo na ɗaga tamfol, amma wannan karon na yarda ban sani ba. Akwai wani mai walda a Konni, Isuhu, wanda ya yi aiki da manyan motocin haƙar ma'adinai a Arlit. Lokacin an rufe iyaka, bayan canjin kuɗi, sai na bi ta gonaki a ƙasa kamar yadda kowa ke yi in zai gai da danginsa. Na zayyana masa komai, ban rage ba. Bai yi min dariya ba. Ya ce ya taɓa ganin kamiyo, babbar motar kaya, ya yi haka har ya tarwatse. Ya tsuguna ya zana min a ƙasa da tsinke: tukunya a tsakiya, hayaƙi ya shigo ta nan, ya bugi wani abu ya huce, mai ya ɗiga ƙasa ya zauna, hayaƙi ya fita ta can ya tafi bakin tobo shi kaɗai.

"Ke nan," ya ce. "Hayaƙi ya wuce, mai ya tsaya. Sai dai ka tuna tukunya tana cika."

Na farko da na yi da gwangwanin madarar gari ne. Na liƙa masa siraran bututu don su ne a hannuna, na danƙara soson ƙarfe a ciki har ba wurin yatsa, ina ganin yawansa shi ne kyau. Bayan na sake zobba, na samo wani tobon, na mai da kusar famfo kusa da inda Bature ya bar ta, sai na riƙa gwada motar ni kaɗai a hanyar Darna. Ba a daɗe ba na ga sil ya fara gumi. Ashe na sake toshe mata numfashi ne, ta hanyar da ta fi ta farko kyan gani. Sai dai wannan karon kullum ina leƙa ƙarƙashinta, na kama abin tun yana gumi. Na koma wurin Isuhu muka yanka tsohuwar tukunyar kashe gobara, muka sa mata bututu masu faɗin ƙofar da ke kan inji, da soso sako-sako, da raga a samansa don kada gutsurensa ya bi iska ya shiga tobo. Shi ne jan gwangwanin da ka gani. Tun daga ranar motar ba ta sake ba mu tsoro ba.

Ga yadda za ka zauna da shi. In kana doguwar tafiya, kowace safiya kafin ka tayar da inji ka buɗe famfon gindin ka tsiyaye a wani abu da za ka iya gani, kada ka zubar a yashi ka wuce. Ka duba abin da ya fito. In ɗan baƙin mai ne kaɗan, lafiya lau. Lokacin ɗari za ka ga ya yi fari-fari da kauri kamar kindirmo, kada ka tsorata, raɓar cikin inji ce ta gauraya da mai, sai dai ka ƙara yawan tsiyayewa don yana iya daskarewa ya toshe hanya. In kuwa ka ga ya fara cika da sauri fiye da yadda ya saba, zobba ne suke gaya maka sun gaji. Kada ka ce bari in kai wannan lodin tukuna. Ka nemi gari mafi kusa ka tsaya.

Abin da ka tsiyaye kada ka mai da shi cikin inji, ko da mai ya yi maka wuya. Ba mai ba ne kuma, dauɗa ce da ruwa. Ka shafa wa ƙafar amalanke in ka ga dama. Tiyon biyu ka riƙa matsa su da hannu. Zafin can ya fi na nan, roba tana laushi ta manne daga ciki alhali waje yana nan kamar lafiya. In za ka sake, ka sa mai faɗi ɗaya, kuma na fita ya koma inda yake, gaban tobo, wajen da ake zuƙa. In ka kai shi bayan tobo, wajen da ake turawa, iska za ka cusa wa tukunyar mai da hannunka. Soson ciki kuma ka wanke shi da kananzir duk lokacin da ka yi juye. Baƙin mai ya tsaya a kan alama, kada ya wuce, ko wa ya ce.

Kusar famfon gas na shafa mata jan fenti. Za ka haɗu da direbobi a tasha masu cewa motarka tana da sauran ƙarfi, sun san mai fito da shi. Gaskiya ne, tana da shi. Na taɓa fito da shi, ka ji inda ya kai mu. Ka bar su su riga ka isa.

Sauran abubuwa ka san su. Ruwan shanka ya fi na lagireto muhimmanci, ka ɗauki fiye da yadda kake zato. Kada ka bar ayari ka yi gaba kai kaɗai don kana ganin motarka ta fi tasu gudu. Ka tsaida salla a kan lokacinta ko da masu kaya suna gunaguni. In ka sami direba mai zuwa Konni ka aiko da saƙo, ko na baki ne, don innarka ba za ta ce maka ba, amma tun da aka sa ranar tafiyar nan abincinta ya ragu.

Ba zan ɓoye maka ba, da Sambo ya fara zancen kai za ka riƙe masa motar, ƙi na yi. Na ce ya nemi wani. Ya ce shi ya ga yaran tasha duka, kuma ɗan wanda ya san injin nan ya fi masa wanda zai koya a hanya. Muka yi ta ja har na sakar masa. Jiya da la'asar, kana can wajen yin takardun iyaka, ya zo ya same ni ina ƙara ɗaure gwangwanin. Ya tsaya yana kallo, hannun nan a cikin aljihu kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Ka koya mashi yadda ake kashe ta in ta haukace?"

Na ce zan rubuta maka, giya da birki, da katako.

Sai ya ce, "To ƙara mashi guda, ka ce daga ni ne. Ya gwada sau ɗaya. In ba ta mutu ba, ya janye mutane, ya yi nisa, ya bar ta ta ƙone. Kada ya tuna da kayana, kada ya tuna da kunyata. Ni na tsaya don akwai mata da yara a gabanta. Shi a daji babu kowa sai shi. Mota na san inda ake sayenta, Ummaru. In ya dawo min a ƙasa da makulli kaɗai a hannu, ni zan yanka mashi rago."

Na ce zan gaya maka. Ga shi na gaya maka, kuma ni ma maganata ke nan. Na yi shekaru a kan injin nan, na san kowace kusa da ke jikinsa, amma in ranar ta zo, ka juya masa baya ka yi ta kanka. Kai muke jira.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Na yafe maka duk abin da ka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe min zafin bakina a wurin aiki. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fita lafiya ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya ba ka halal mai amfani, Ya maido mana kai muna raye. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ummaru Makaniki.